Tarihin Mai Sauraro: Ɗanƙwairo, Sa'idu Faru da Wata Waƙar Ingila

Duk ɗalibin da ya taɓa zama ajin nazarin waƙar baka ya san tambayoyin da ake fara jefa masa. Wane ne ya yi waƙar? Wa aka yi wa ita? Da wane abin kiɗa, kuma a wace shekara? Idan ya amsa waɗannan, sai a ce ya ware gindin waƙa da ɗiyanta, ya fito da zuga da habaici da zambo, shi ke nan ya ci jarrabawa. Akwai mutum na uku da ba a cika tambaya a kansa ba, wato wanda waƙar ta faɗa wa a kunne. Ba shi ya tsara ta ba, ba a ambaci sunansa a ciki ba, bai ba makaɗi doki ko riga ba, amma shi ne ya riƙe ta shekara arba'in ko hamsin, yana tuna ranar da ya fara jin ta da mutanen da ke zaune tare da shi a ranar. A wannan maƙala muna so mu bi sawun wannan mutum a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, ƙasar da Allah Ya yi wa arzikin makaɗan fada. To amma za mu faro daga nesa, daga wata waƙa ta ƙasar Ingila, domin a can an adana labarin yadda masu sauraro suka karɓe waƙa daga hannun masu ita, kuma labarin zai haska mana namu.

Waƙar da ta ƙi sauka

Sunan waƙar "You'll Never Walk Alone". Asalinta ma ba ta Ingila ba ce. Wasu Amurkawa biyu, Richard Rodgers da Oscar Hammerstein, su suka tsara ta a 1945 domin wani wasan kwaikwayo na dandamali mai suna Carousel, inda ake rera ta don a rarrashi wata mata da mijinta ya rasu, a ba ta haƙuri, a ƙarfafa mata zuciya. Shekara goma sha takwas bayan haka, wato a 1963, wasu samari 'yan birnin Liverpool da ake kira Gerry and the Pacemakers, a ƙarƙashin jagorancin Gerry Marsden, suka sake ɗaukar ta a faifai da irin kiɗan samarin wancan zamani. Faifan ya fito a watan Oktoba, ya hau kan jerin waƙoƙin da aka fi saye a Birtaniya, ya yi mako huɗu a sama.

Bisa al'adar irin waɗannan waƙoƙi, nan ya kamata labarin ya ƙare. A yi yayinta na wata biyu ko uku, wata ta zo ta ture ta, a manta. Sai dai a Anfield, filin ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Liverpool, an saba sako waƙoƙi goma da ke kan gaba ta lasifika kafin a take wasa, 'yan kallo kuma suna bi da baki, musamman na ɓangaren da ake kira Kop. Da lokacin wannan waƙa ya wuce ta fita daga cikin goman, sai 'yan kallo suka ci gaba da rera abarsu. Babu hukumar da ta zauna ta yanke wannan shawara. Ma'aikatan tashar jirgin ruwa ne da leburori da 'ya'yansu suka ji waƙar ta dace da halinsu, suka riƙe. Da aka gina ƙofar ƙarfe a filin a 1982 don tunawa da tsohon mai horar da ƙungiyar, Bill Shankly, sunan waƙar aka rubuta a samanta.

Ran 15 ga Afrilu, 1989, Liverpool ta je birnin Sheffield wasa da Nottingham Forest a filin Hillsborough. Aka cusa jama'a a wani ɓangare fiye da abin da zai ɗauka, aka matse, mutum 96 suka rasa rayukansu, na 97 ya cika a 2021 sakamakon raunin da ya samu a ranar. Da farko 'yan sanda da wasu jaridu sun ɗora laifin a kan magoya bayan da kansu. Iyalan mamatan suka yi shekara ashirin da bakwai suna neman a wanke 'yan'uwansu, sai a 2016 masu binciken shari'a suka tabbatar cewa sakacin hukuma ne ya kashe su. A duk tsawon waɗannan shekaru, a wurin jana'iza da taron tunawa da ƙofar kotu, wannan waƙa suke rerawa. Ko harafi ɗaya bai canza a cikinta ba tun 1963, amma wanda ya rasa ɗa a Hillsborough ba abin da matashin 1963 ya ji yake ji ba.

Samarinmu da ke cika gidajen kallon ƙwallo a Talata Mafara sun san sautinta, ko da yake da yawansu ba za su iya fassara ta ba, kuma idan filin ya ɗauka gaba ɗaya har a nan tsigar jikin mutum takan tashi. Mun kawo wannan labari ne saboda a daidai shekarun da waƙar ke kafuwa a Anfield, wani abu mai kama da haka yana faruwa a ƙofar gidanmu, da waƙoƙinmu, da harshenmu.

Gidan Ɗankwanda

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura wajen 1909. Kiɗa gadonsa ne. Mahaifinsa, Usman Ɗankwanda, makaɗi ne da ya yi wa Sarkin Kayan Maradun hidima, wannan ne ma ya sa duniya ta san ɗan da sunan Ɗanƙwairo Maradun duk da cewa cibiyarsa a Bakura take. Laƙabin kansa yana da labari. Cikin yaran mahaifinsa akwai wani mai zaƙin murya da ake kira Ƙwairo, da Musa ya taso aka ji muryarsa ta yi kama da tasa sai aka riƙa ce masa Ɗanƙwairo, sunan ya bi shi har kabari. Ya yi shekaru yana amshi a bayan mahaifinsa, sa'an nan a bayan wansa Abdu Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Wannan doguwar koyo ita ce sirrin tsarin da ake ji a waƙoƙinsa, inda jagora zai ɗauko ɗan waƙa ya sake shi a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa kamar baki ɗaya ne ke magana, kotso kuma yana tafe a ƙarƙashi bai yi gaba ba bai yi baya ba.

Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe a nan shi ne, gidan ya yi kiɗan noma kafin sunansa ya cika fadoji. A gayya, makaɗi yana bin bayan manoma ne yana kiran sunan gwani, yana zuga shi, yana yi wa rago habaici, har mutumin da ƙugunsa ya gaji ya ji ƙarfi ya dawo masa ya kai ƙarshen kunya. Aikin kiɗan ke nan, ya ɗaga wanda ya sunkuya. Da aka ɗauki wannan fasaha aka kai fada, wanda ake zugawa ya canza daga sarkin noma zuwa sarkin gari, amma ƙashin bayan waƙar yana nan yadda yake. A ganinmu wannan ne dalilin da ya sa talakan da ba shi da ko ɗigon jinin sarauta yake jin waƙar fada ta Ɗanƙwairo tana ƙara masa ƙarfin gwiwa. Tela a kan keke, direban babbar mota a kan hanyar Gusau zuwa Sakkwato cikin dare, ɗalibin da zai shiga jarrabawa gobe, idan aka kira ubangidan waƙa da sunan zaki ko giwa, aka ce abokan gabansa sun gaza, a ransa shi ake nufi, kuma ya san su wane ne nasa abokan gaban.

Amma kafin shekarun 1960 ba kowa ke samun wannan rabo ba. Waƙar fada tana da wurinta da lokacinta, ƙofar fada a daren Juma'a, ranar hawan salla, bikin naɗi, ko sa'ad da sarki ya yi baƙo. Wanda ke ƙauye mai nisa sai ya shekara bai ji ba. Matan aure kuwa sai dai sautin kotso ya tsallaka musu katanga. Waƙar da aka rera yau, idan ba a maimaita ta gobe ba, sai abin da ƙwaƙwalwa ta riƙe.

Akwatin rediyo

Abu biyu suka haɗu suka sauya wannan hali. Na farko, Ɗanƙwairo ya zama makaɗin Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, Firimiyan Jihar Arewa. Sardauna ba baƙon wannan yanki ba ne, domin tun 1938 da aka ba shi sarautar ya zauna Gusau yana kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. Ɗanƙwairo ya yi masa waƙoƙi da dama, wadda ta fi fice ita ce wadda jama'a ke kira "Mai Dubun Nasara". Na biyu, a 1962 gwamnatin Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin nata a Kaduna, a daidai lokacin da ƙaramar rediyo mai batir ta fara shiga hannun malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan kasuwa. Sashen Hausa na BBC ya riga ya fara magana daga Landan tun 1957, amma Rediyon Kaduna ita ce ta ɗauki makaɗan gargajiya ta kai su inda ƙafarsu ba ta taɓa takawa ba.

Sai mu tsaya mu auna abin da wannan ke nufi ga mutumin Bakura ko Maradun. Rediyo da littattafan makaranta da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo duk da daidaitacciyar Hausa suke magana, wadda ta fi kusa da bakin Kano. Yaron da ya je makaranta ya ce "munka" ko "sunka" ko "anka", sai malami ya gyara masa. Idan ya ce Tsahe ko Mahwara a cikin baƙi, sai a yi masa dariya. Kwatsam sai ga akwatin da ke karanta labarun duniya yana fito da muryar mutumin garinsu, da karin harshen da uwarsa ke masa magana da shi, ana yabon mutum mafi girman mulki a Arewa da shi, kuma Bakano da Bazazzagi suna ƙoƙarin haddacewa. Duk wanda ya zauna da dattawan wannan yanki ya san cewa alfaharinsu da Ɗanƙwairo bai tsaya kan fasaha ba, akwai wannan ramuwar gayya ta harshe a ciki.

Sa'an nan ga shirin Zaɓi Sonka. A nan ne mai sauraro ya fara samun suna. Mutum zai aika kati ko wasiƙa zuwa Kaduna, ya jero sunayen waɗanda yake gaisarwa, ya zaɓi waƙa, ya zauna yana jiran ranar da za a karanto shi. Har ƙungiyoyi aka kafa na 'yan Zaɓi Sonka a garuruwa, mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suka ƙulla zumunci ta hanyar jin sunayen juna. A lura da abin da ya faru a nan. Waƙar da aka yi don Firimiya ta zama abin da ɗan ƙauye ke aika wa amininsa da ya tafi cirani, ko ango ya aika wa surukansa. Ubangidan waƙa yana nan a cikin baitoci, amma saƙon da ke tafiya tsakanin mai aikawa da wanda aka aika wa ba ruwansa da siyasar Kaduna. Mata kuma, da rediyo ta shiga tsakar gida, sun sami waƙar cikakkiya a karo na farko, suna daka ko suna tankaɗe tana tashi a gefen murhu.

Asabar ɗin azumi

Ran Asabar, 15 ga Janairu, 1966, cikin watan azumi, sojoji a ƙarƙashin Manjo Chukwuma Nzeogwu suka kashe Sardauna a gidansa na Kaduna tare da uwargidansa Hafsatu. Daga wannan rana waƙoƙin da Ɗanƙwairo ya yi masa suka shiga irin halin da waƙar Liverpool ta shiga bayan Hillsborough. An yi su ne don mutum mai rai, cike da zuga da ambaton nasara da fatan tsawon kwana. Yanzu kowane baiti na nasara sai ya koma tuna wa mai ji abin da aka rasa. Kiɗan yana da zafi da ɗaga rai kamar jiya, mai sauraro kuwa hawaye yake sharewa. Har yau idan gidan rediyo a Arewa zai yi shirin tunawa da Sardauna, da wuya a tashi ba a sako muryar Ɗanƙwairo ba, kuma matasan da aka haifa shekara talatin bayan rasuwar Firimiya da yawansu ta bakin makaɗin suka fara sanin sa, kafin su gamu da shi a littafin tarihi.

A nan akwai gaskiyar da marubuci bai kamata ya tsallake ba. Ba kowa ne ya ji waɗannan waƙoƙi da daɗi ba a lokacin da aka yi su. Arewa ta wancan zamani a rabe take tsakanin NPC ta Sardauna da NEPU ta su Malam Aminu Kano, wadda aka kafa a Kano a 1950, kuma NEPU tana da nata mawaƙan irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja. Waƙar fada ba ta tafiya sai da habaici ga masu ja da ubangida. Ɗan adawar da ya sha ɗauri a gidan yarin En'e, ko ya ga an ci zarafin mahaifinsa kan haraji, idan ya ji ana yi wa maƙiyan Sardauna habaici ya san da shi ake. A kunnensa wannan kiɗan masu mulki ne. Wasu daga cikin irin waɗannan mutane sun sassauto bayan 1966, da suka ga abin da ya biyo baya na juyin mulki da yaƙin basasa, har suka koma suna jin waƙar da kewar zamanin da suka yaƙa. Wasu kuwa sun mutu ba su yafe mata ba. Tarihin mai sauraro da ya kawo masu kuka kawai ya bar masu ɗaure fuska, rabin tarihi ne, kuma mu a ganinmu rabin da aka bari ya fi koyar da marubuci yadda zuciyar ɗan Adam take.

Shi kansa Ɗanƙwairo ya ci gaba da sana'arsa shekara ashirin da biyar bayan haka. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar, wanda ya yi minista a gwamnatin Sardauna, ya yi wa 'Yandoton Tsafe waƙar da ta zama abin nazari a makarantu, ya yi wa Sarkin Kano Ado Bayero da wasu sarakuna da dama. Ya rasu a 1991.

Fatan da ya cika bayan mai shi

Labarin Sa'idu Faru ya nuna wata fuskar ta daban. Mutumin Faru ne ta ƙasar Maradun, shi ma makaɗin kotso, wanda ake wa laƙabi da Malamin Waƙa saboda zurfin azancinsa. Ya fara da Sarkin Yamman Faru, amma sunansa ya ɗaure ne da na Alhaji Muhammadu Macciɗo, ɗan Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda aka naɗa Sarkin Kudu aka turo shi Talata Mafara a shekarun 1950. Kamar yadda makaɗan fada ke yi wa ɗan sarki, Sa'idu ya yi ta yi wa ubangidansa fatan gadon gidansu.

Sarkin Musulmi Abubakar ya rasu a watan Nuwamban 1988 bayan shekara hamsin a kan gado. Jama'a da yawa sun sa rai Macciɗo ne zai gaje shi, sai gwamnatin Janar Babangida ta tabbatar da Alhaji Ibrahim Dasuƙi, har aka yi tarzoma a Sakkwato aka rasa rayuka. Ga masoyan Sarkin Kudu, waƙoƙin Sa'idu Faru a waɗannan shekaru sun zama wurin ajiye abin da ba a iya faɗa a fili. Sai a watan Afrilun 1996 gwamnatin Janar Abacha ta tuɓe Dasuƙi, Macciɗo ya zama Sarkin Musulmi, watanni kaɗan kafin a ƙirƙiro Jihar Zamfara ran 1 ga Oktoba na wannan shekara. Sa'idu bai ga wannan rana ba, ya riga ya koma ga Mahaliccinsa. Masu sauraronsa ne suka gane masa, suka koma kan tsofaffin kaset suna jin fatan da aka yi shekaru da dama da suka wuce kamar an yi shi jiya. Bayan shekara goma, ran 29 ga Oktoba, 2006, Sarkin Musulmi Macciɗo ya rasu a hatsarin jirgin sama a Abuja, waƙoƙin suka sake canza launi a karo na uku. Mutumin Mafara da ya rayu a duk waɗannan shekaru ya ji waƙa guda da kunnuwa uku, na jira, na murna, da na rashi.

Kaset da ƙaura

Rediyo tana ba ka abin da ta ga dama a lokacin da ta ga dama. Kaset ne ya miƙa wa mai sauraro linzami. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, ya bazu a ƙasar Hausa a shekarun 1970, har ta kai a kasuwa irin ta Talata za ka tarar da mai teburi da rikoda biyu yana juyar wa mutane waƙoƙi daga wani kaset zuwa wani. Makaɗan ba su ci ribar wannan ciniki ba, wannan kuwa zalunci ne da ya kamata a faɗa. Amma ta wannan hanya ce muryar Maradun ta bi 'yan cirani da fatake zuwa Sabon Ibadan da Agege da zangon Kumasi, inda mutum kan kunna kaset ɗin garinsu bayan sallar isha'i ya ji kamar yana zaune a ƙofar gidan ubansa.

A wannan zamani ne kuma ƙasar da ta haifi waƙoƙin ta sami babban rauni. Tsakanin 1974 da 1978 kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ya gina madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka, aka tayar da dubban manoma aka tsugunar da su a sababbin wurare, aikin gyaran filayen ban ruwa ya hana wasu noma na tsawon damina fiye da ɗaya, diyya kuma ta zama abin rigima. Manoma suka tare hanyoyin aikin. A ƙarshen watan Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu. Adadin mamatan da gwamnati ta bayar bai kai talatin ba, mutanen yankin da masu bincike kuwa ɗaruruwa suke ambata. An yi rubuce-rubuce masu yawa kan Bakolori ta fuskar tattalin arziki da siyasa. Mu abin da ke ranmu shi ne manomin da fadamar kakansa ta koma ƙarƙashin ruwa, wanda ya taɓa yin gayya a cikinta makaɗi na bin bayansa. Gonar ta tafi, kiɗan da aka yi a cikinta yana nan a kaset da cikin kansa, kuma ba mu ga inda aka zauna da shi aka tambaye shi me yake gani idan ya ji shi ba.

Ƙaura ta biyu ita ce ta 'yan bindiga. A 2021 kaɗai an sace 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe ta ƙasar Mafara a watan Fabrairu, an kai hari Kwalejin Aikin Gona ta Bakura a watan Agusta, an kwashe ɗalibai fiye da saba'in a makarantar Kaya ta ƙasar Maradun ran 1 ga Satumba, bayan haka aka rufe layukan waya a jihar na tsawon makonni. Ƙauyuka da dama sun watse, mutanensu sun tarwatsu zuwa Gusau da Sakkwato da cikin garin Mafara. Wanda ya gudu da dare ba ya ɗaukar akwatin kaset. Abin da ya fita da shi sai ɗan memorin da ke cikin wayarsa, wanda mai tura waƙoƙi ya cika masa a kasuwa, kuma shi wannan ko babu layi yana yi.

Abin da aka rubuta da wanda ba a rubuta ba

Ba za a ce malamai sun yi sakaci da makaɗan ba. David Ames da Anthony King sun fito da ƙamus ɗin kiɗan Hausa a 1971. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya tattara tarihin makaɗa a Makaɗa da Mawaƙan Hausa, ya kuma shimfiɗa hanyar nazari a Jagoran Nazarin Waƙar Baka a 1993. Kundayen digiri kan Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru sun cika kantocin jami'o'in Kano da Sakkwato da Zariya. Albarkacin wannan aiki mun san salsalar makaɗi, mun san iyayen gidansa, muna da matanin waƙoƙinsa a rubuce. Ɓangaren mai sauraro ne ya zama kango. Mutanen Liverpool sun cika littattafai da fina-finai da labarin wanda ya rera waƙarsu a jana'izar mahaifinsa da wadda ta ji ta a gadon asibiti. Mu namu labaran suna yawo ne a majalisar dattawa da zauren mai shayi, su tashi tare da masu su.

Lissafin shekaru kuma ba ya jira. Wanda yake ɗan shekara goma sha biyar ran da aka kashe Sardauna, yanzu ya haura saba'in. Su ne na ƙarshe da suka ji "Mai Dubun Nasara" tun ubangidanta yana raye, su kaɗai za su iya faɗa mana bambancin jin ta kafin wancan azumi da bayansa. Aikin ba ya bukatar kuɗin bincike. Akwai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau a Talata Mafara, akwai Jami'ar Jihar Zamfara a garin, akwai membobin ƙungiyarmu a Bakura da Maradun, kuma kowannensu yana da waya mai ɗaukar murya. Shawararmu ga ɗan'uwa marubuci da zai je, kada ya tambayi dattijo ma'anar baiti, domin zai ba shi amsar da ya ji a rediyo. Ya kunna masa waƙar, ya yi shiru har ta ƙare, sa'an nan ya ce, "Baba, a rediyon wa ka fara jin wannan? Su wa ke wurin? Ina suke yanzu?" Ya nemi tsohon ɗan NEPU ya yi masa irin wannan tambaya. 'Yan'uwanmu mata marubuta kuma su shiga cikin gida wurin su Inna da Goggo, domin su ne suka ji waɗannan waƙoƙi a bakin turmi da ɗakin amarci da zaman takaba, wuraren da namiji mai bincike ba ya shiga.